Sanƙarau ya wuce, kurumta ta rage

A shekarar 2015 annobar sanƙarau ta kama mutum wajen 8.500 a Nijar, birnin Yamai ya fi jin jiki. An ƙidaya mamata, amma waɗanda suka tashi da kurumta ba a cika zancensu ba. Yaro ya warke, a kira shi bai waiwayo ba, sai a ce taurin kai ne, a lakwal kuma a maida shi bencin baya. Kamata ya yi likitan kunne ya auna jinsa tun makwannin farko, domin jinkiri yana rage abin da za a iya cetowa. Na'urar ƙara ji tana taimakon mai sauran ji, sai dai tsada gare ta, ga kuɗin batir a kan uban yaro.