Ɗan Sandan da Muka Bari a Bakin Ƙofa



Kowace Lahadi, kafin ƙungiyar mawaƙa ta ɗaga murya, akwai mutumin da ya riga mu isowa. Yana zaune a kan benci a bakin ƙofar majami'a, bindiga a kan cinyarsa, rana tana dukansa. Mukan wuce shi da Littafi Mai Tsarki a hammata, wasunmu ko sannu ba sa yi masa. Muna ciki awa uku muna waƙa, muna jin wa'azi, muna cin jibin Ubangiji, shi kuwa yana waje yana kallon hanya saboda mu. In an tashi sujada, wani dattijo ya miƙa masa ambulan da lemon kwalba. Shi ke nan, sai wani mako.

Ba haka kawai ya zo ba. Bayan bam ɗin da aka tayar a majami'ar St. Theresa da ke Madalla ranar Kirsimeti ta 2011, da hare-haren da suka biyo baya a majami'un Jos, Kaduna da Zariya a 2012, ikkilisiyoyi da yawa suka roƙa a turo musu 'yan sanda. Fiye da shekara goma ke nan. A cikin waɗannan shekaru, sau nawa muka tambayi mutumin nan sunansa? Mun ba shi amanar rayukanmu, amma nasa ran bai taɓa hana mu barci ba.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru a taron zumuntarmu kwanan baya. Wani ɗan'uwa ya tashi ya ba da shaida cewa an ɗauke shi aikin ɗan sanda, zai tafi horo. Maimakon tafi, sai dariya ta ɓarke. Wani daga baya ya ce, "To, mun yi asarar ɗan'uwa." Wata ta ce, "A fara tara masa naira ɗari-ɗari ya saba." Muka yi dariya, har da mu masu wannan rubutu. Ɗan'uwan ya koma ya zauna bai ƙarasa shaidarsa ba.

Dariyar nan tana ɗauke da koyarwa. Tana cewa akwai wasu mutane da jinin Almasihu ba ya isa gare su, wai wanda ya sa kaki ya riga ya sallama ransa. Wannan koyarwar ƙarya ce, kuma dole mu tsaya mu ƙi ta a fili.

Mun san inda ciwon ya fito. Babu wanda ya taɓa shiga mota daga Jos zuwa Abuja, ko daga Yola zuwa Gombe, da bai ga hannun direba yana miƙa kuɗi a shingen bincike ba. An rubuta a bangon caji ofis cewa beli kyauta ne, amma da yawa cikinmu sun san nawa iyayensu suka biya. A watan Oktoba na 2020 matasan ƙasar nan suka cika tituna saboda cin zarafin rundunar SARS, har aka sanar da rusa ta ranar 11 ga watan. Akwai iyalan da har yau suke kukan 'ya'yansu. Ba za mu ce wa mai kuka ya yi shiru ba, domin Allahnmu mai adalci ne, yana kuma ƙin zalunci.

Amma faɗin zunubin mutum daban, rufe masa ƙofar ceto daban. Na farko aikin annabi ne. Na biyu ɗaukar matsayin Allah ne.

Mu buɗe Luka sura 3. Sojoji sun zo wurin Yahaya Mai Baftisma suna tambaya abin da za su yi. A zamanin nan masu ɗamara su ne masu kama mutane, su ne masu tsare hanya da tsaron fursuna, kuma talakawa sun san su da ƙwace. Yahaya, wanda bai ji tsoron tsawata wa sarki Hirudus ba, bai ce musu su tuɓe kaki su koma gona ba. Abu uku ya ɗora musu: su daina karɓar kuɗin mutane da ƙarfi, su daina ƙulla wa mutane sharri, albashinsu kuma ya ishe su. Ya bar su a bakin aikinsu, ya hana su zunubin aikin.

Mu ci gaba. Mutumin da Yesu ya yaba wa bangaskiyarsa fiye da ta kowa a Isra'ila jarumin soja ne a Kafarnahum (Matiyu 8). Wanda ya tsaya a gindin gicciye ya shaida cewa Ɗan Allah ne aka gicciye, jarumin da ke lura da kisan ne (Markus 15:39). Sa'ad da Allah ya so ya nuna wa Bitrus cewa bishara ta al'ummai ce ma, gidan Karniliyas ya aike shi, hafsan sojan Roma a Kaisariya (Ayyukan Manzanni 10). Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa mutanen gidan tun Bitrus yana cikin magana, ba a jira Karniliyas ya ajiye aiki ba. A Filibi kuwa, yarin da ya jefa Bulus da Sila can cikin kurkuku ya sa ƙafafunsu a turu, shi ne ya faɗi a gabansu da tsakar dare yana neman hanyar ceto (Ayyukan Manzanni 16). Bayansu yana zub da jini, amma ba su ce masa ya makara ba. Suka faɗa masa Maganar Ubangiji, ya wanke musu raunuka, aka yi masa baftisma da dukan gidansa kafin gari ya waye.

In Bulus da sawun bulala a bayansa ya yi wa mai tsaronsa wa'azi, mu wane dalili ne za mu kawo?

Akwai kuskure na biyu, kuma ya fi na farko yawa a cikin manyan ikkilisiyoyinmu. Kurtu mukan yi masa ba'a, amma ranar da babban jami'i ya zo da jiniya, mukan tashi tsofaffi daga kujerar gaba. A ranar gidauniyar gini shi ne babban baƙo. Ya sanar da kyautarsa, mu yi guɗa, ba mai tambaya daga ina kuɗin ya fito. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta kira wannan tara, ta kuma kira shi zunubi. Mafi muni, muna koya wa mutumin cewa buhun siminti yana wanke abin da jinin Almasihu kaɗai yake wankewa. Ƙaramin mun ce masa ba zai sami ceto ba, babban mun nuna masa ba ya bukatar tuba. Dukansu biyu mun hana su bishara.

Saboda haka, ɗan'uwanmu ɗan sanda, in wannan rubutu ya iso hannunka, da kai muke magana yanzu. Kakinka ba zai hana ka ceto ba, ba zai kuma ba ka ceto ba. Igiyar kafaɗarka ba za ta cece ka ba. Sunan Kirista da ke kan ƙirjin rigarka ba zai cece ka ba. Ko mutuwa a bakin aiki, duk da girmanta a idonmu, ba ta biyan bashin zunubi. Ceto kyautar Allah ce ta wurin alheri, ana karɓarta ta bangaskiya ga Yesu Almasihu, kamar yadda Afisawa sura 2 ta koya. Hanyar da fasto ya bi, ita ce kofur zai bi.

Amma bangaskiyar da ba ta kai shingen bincike ba, ba ta kai zuciya ba. Zakka na Yariko, da Yesu ya shiga gidansa, ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu (Luka 19). Tubanka zai bayyana a hannun da ya daina miƙewa ta tagar mota, da alƙalamin da ya daina rubuta laifin da ba a yi ba, da kulkin da ya daina sauka a kan wanda aka riga aka sa wa ankwa. In akwai wanda yake bayan kanta saboda ƙaryar da ka rubuta, waƙar Lahadi ba za ta fito da shi ba. Kai ne za ka je ka gyara. Romawa 13 ta kira mai riƙe da iko ma'aikacin Allah domin amfanin jama'a. Wannan daraja ce, kuma hisabi ne, domin ma'aikaci zai ba da lissafi ga wanda ya ɗauke shi.

Mun san akwai masu cewa, "Ku ba ku san aikin ba. Albashi ba ya kai wata, bariki yana yoyo, kuma akwai na sama da ke jiran rabonsa da yamma. Wanda ya ƙi karɓa, za a jefa shi inda ba ya so." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ba mu musa ba. Mun ga tsofaffin 'yan sanda suna zanga-zanga a kan fansho bayan sun ba da ƙuruciyarsu. Mun tuna bam ɗin da ya tashi a hedkwatar 'yan sanda a Abuja ranar 16 ga Yuni 2011, da harin da aka kai wa ofisoshinsu a Kano ranar 20 ga Janairu 2012, da gomman da aka kashe a Alakyo ta jihar Nasarawa a watan Mayu na 2013. Matansu gwauraye ne yau, wasu suna zaune a benci ɗaya da iyayenmu mata. Wahalar gaskiya ce. Sai dai wahala ba ta mayar da haram halal. Sojojin da suka zo wurin Yahaya ma ba masu ƙoshi ba ne, shi ya sa ya ambaci albashi. Abin da wahalar take nunawa shi ne, ɗan sandan da ya yanke shawarar bin Yesu zai biya farashi mai tsada, kuma bai kamata ya biya shi kaɗai ba. A nan ne ikkilisiya ta gaza.

Yanzu mu juyo kan kanmu, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Cin hanci hannu biyu yake bukata. Wa yake naɗe kuɗi cikin takardun mota domin lasisinsa ya ƙare? Wa yake biyan kuɗi a kulle wanda yake bin bashi, alhali maganar bashi ta kotu ce? Wa yake kiran ɗan sandan ikkilisiyarmu da dare ya ce, "Yallaɓai, ɗan fasto ne, a taimaka a kashe maganar"? Mu ne. Ranar Lahadi mu ce masa ya ji tsoron Allah, ranar Litinin mu roƙe shi ya karya doka saboda namu. Ku karanta Matiyu 28:11-15. Masu gadin kabarin Yesu sun zo da labarin abin da ya faru, sai manyan firistoci suka ba su kuɗi mai yawa su yi ƙarya. Masu addini ne suka miƙa kuɗin. Fitowa 23:8 ta gargaɗe mu cewa hanci yana makantar da mai gani. In haka ne, mu da muke bayarwa mu ne muke tsone masa ido, sa'an nan mu zage shi don ba ya gani.

To, me za mu yi? Ga abin da muke kira zumuntarmu ta ɗauka, tun daga wannan Lahadi.

Mu san sunan mai gadin ƙofarmu, mu gaishe shi, mu sa masa inuwa da ruwa. Ko Kirista ne ko Musulmi, maƙwabcinmu ne, kuma don mu yake cikin rana. In yana so, bayan sujada mutum biyu su zauna da shi su faɗa masa abin da aka yi wa'azi a kai, su yi addu'a tare.

Mu nemi 'yan sandan da aikin dare da canjin wurin aiki suka raba da sujada. Mu kai nazarin Littafi Mai Tsarki bariki a lokacin da ya dace da su, da izinin shugabanninsu. Mu ziyarci gwauraye da marayun waɗanda suka mutu a bakin aiki.

Mu gyara takardun motocinmu da baburanmu, mu daina ba da na goro. In an zalunce mu, mu kai ƙara ta hanyar doka, mu raka wanda ba shi da kowa. Mu daina roƙon 'yan'uwanmu masu kaki su murɗe shari'a saboda mu.

Dattawanmu kuma, da ladabi muke roƙonku: ku yi wa babban jami'i wa'azin da kuke yi wa ɗan acaɓa. In ɗan sanda ya rasa ƙarin girma ko aka jefa shi nesa saboda ya ƙi cin hanci, ikkilisiya ta ɗauki kuɗin makarantar yaransa. In ba za mu iya wannan ba, da wane baki za mu ce masa ya tsaya da gaskiya?

Ɗan'uwan da muka yi wa dariya kuwa, mun je mun same shi mun roƙi gafara. Kafin ya tafi horo za mu kira shi gaban ikkilisiya mu ɗora masa hannu, kamar yadda muke yi wa masu tafiya aikin bishara, domin inda za shi ana bukatar haske. Za mu riƙa kiransa, mu tambaye shi tambayoyi masu wuya, mu kuma tsaya da shi ranar da gaskiya za ta jawo masa tsangwama. 1 Timoti sura 2 ta umarce mu mu yi addu'a domin dukan masu riƙe da iko. Kurtun da ke bakin ƙofarmu yana cikinsu.

Ya Ubangiji, ka gafarta mana girman kanmu. Ka ceci 'yan sandan ƙasarmu, ka tsare rayukansu, ka tsarkake hannuwansu da namu. Ka ta'azantar da waɗanda aka zalunta, ka kuma ba su adalci. Cikin sunan Yesu, Amin.