Sunan yaro a rajista daban, iya karatu daban

A 2022 UNESCO ta ce yaran Najeriya kusan miliyan 20 ba sa zuwa makaranta. Kowa wannan adadi yake ambata. Ni kuwa tambayata ita ce, waɗanda aka ƙirga suna aji fa, me suka iya?

Ku duba nan Karshi, cikin Abuja. A watan Maris na 2025 malaman firamaren gwamnati na birnin tarayya suka shiga yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ba su koma ba sai Yuli. Wata uku da ɗori aji a kulle, amma a takarda yaran nan duk ɗalibai ne. Mai hali ya kai nasa makarantar kuɗi, talaka ya ɗora wa tasa farantin talla. Dokar UBE ta 2004 ta ce shekara tara kyauta kuma dole, to dole a kan wa?

Shi kuwa almajirin da ke karanta allo da ajami, yawanci cikin marasa makaranta ake saka shi.

'Yan'uwa na Sabon Ibadan da Agege, abin ya shafe mu kai tsaye. Tun wahalar takardun naira ta 2023 ciniki a kara ya koma taransifa. Mahaifina, mai sayar da shanu, ni yake miƙa wa waya in duba ko kuɗin sa sun shigo. Wanda ɗansa ya gama firamare bai iya karanta alat ba, sai dai ya yarda da bakin mai saye.