Baƙon kaka a gonakin Dogon Kiriya

Da zarar an gama yankan hatsi, wajen watan Oktoba, wani ɗan tsuntsu yakan sauka a hilayen ƙasar Arewa, tun daga Dogon Kiriya har Matankari. Faransawa na ce masa Traquet motteux. Tsawonsa santimita 15 ne, nauyinsa kuma kamar giram 25, wato kwatankwacin sulallan dala ashirin guda huɗu.

Gane shi ba wuya. Shi kaɗai yake kiwo, a ƙasa, kan fako ko gonar da aka sare wa kara. Yakan ruga, ya tsaya cak, ya kaɗa wutsiya, sannan ya haye suri ko dutse yana dube-dube. Bayansa ruwan ƙasa ne, cikinsa da haske. Babbar alamarsa sai ya tashi take bayyana: gindin wutsiya fari fat, ƙarshenta baƙi. Kahin ya bar ƙasar nan, cikin Maris ko Afrilu, bayan namiji yakan koma ruwan toka, da baƙin zane a ido tamkar kwalli.

Ba a nan yake hayayyafa ba. A Turai da sauran ƙasashen sanyi yake yin sheƙa, cikin rami ko tsakanin duwatsu, mace ta saka ƙwai 5 ko 6 masu shuɗi-shuɗi. Can ne namiji ya fi rera waƙa. In sanyi ya gabato sai ya ƙetaro Bahar Rum da Sahara, yana tahiyar dare. A shekarar 2012 masana da suka ɗaura wa wasunsu ƙananan na'urori sun bayyana cewa na Alaska, a ƙasar Amurka, kan ci kusan kilomita dubu 15 kahin su kai gabashin Afirka. Wane falke ya taɓa irin wannan fatauci?

Manomi yana da gaskiya in ya yi kuka da jan baki, mai zuwa garke-garke da kakkauran bakinsa na fasa tsaba. Shi kuwa wannan baƙo bakinsa siriri ne, abincinsa fara, gara, tururuwa da tsutsa. Sai dai yaro mai danƙo ba ya bambanta ɓarawon hatsi da mai gadin gona.

Don haka ya kamata iyaye da malaman lakwal su nuna wa yara wannan farin gindin wutsiya, su hana su harbinsa. Hausawa sun ce baƙonka annabinka, balle baƙon da bai taɓa zangarniyar kowa ba.