Libarba A Aljihu Ba Za Ta Tsare Mana Gari Ba

Ran nan da dare, bayan mun tashi daga darasin lissafi a ajinmu na yaƙi da jahilci a nan Tibiri, sai wani dattijo daga cikin ɗalibaina, ɗan kasuwa ne mai cin kasuwannin bakin iyaka, ya dakata har kowa ya watse, sa'an nan ya miƙo mini wayarsa. Ya ce, "Malam, karanta mini abin da aka rubuta a ƙarƙashin wannan hoto." Na duba, sai na ga hoton libarba ce, watau ƴar ƙaramar bindigar nan ta hannu mai tukunyar harsashi da ke juyawa. Ya ce wani ne ya turo masa, ya kuma gaya masa wai ba ta da nauyi ko kaɗan, tana shiga aljihun riga ba wanda zai sani, amma harsashinta babba ne, guda ɗaya ya isa ya ka da ƙato. Ya ce yana tara kuɗi.

Ba shi kaɗai ba ne. Wannan magana ta zama hirar majalisa, ta zama hirar tasha, har wasu masu ilimin boko suna ƙara mata gishiri, wai lokaci ya yi da kowane magidanci zai nemi tasa. To ni dai na ce ban yarda ba, kuma ga dalilina, wanda ya ga na yi kuskure shi ma ya ɗauki alƙalami.

Da farko dai kada wani ya ce ban san tsoron da ake ciki ba. Na sani sarai. A watan Yuni na 2024 an kashe sojojinmu shida kusa da Salkam, a cikin wannan gunduma tamu, suna gadin bututun man da ya ratsa zuwa Benin. A ƙetaren iyaka kuwa, jihohin Kebbi da Sakkwato, inda rabin danginmu suke, ba wanda bai ji labarin Lakurawa da ɓarayin shanu da masu satar mutane ba. Mutumin da ya sayar da bijimi a kasuwa, ya hau babur da kuɗi a ƙugu, rana ta faɗi masa a daji, ba wanda zai zarge shi don zuciyarsa ta raya masa neman makami. Tsoron gaskiya ne. Maganin da ake tallata masa shi ne na ƙarya.

Bari mu fara da ita kanta bindigar, tun da an ce rashin nauyinta shi ne abin yabo. Irin waɗannan libarba ana ƙera su ne a Amurka. Akwai wata ta kamfanin Smith & Wesson da ake kira 340PD, nauyinta wajen giram 330, watau kwalin sukari mai kilo guda ya ninka ta sau uku, harsashi biyar take ci, irin wanda ake kira .357 Magnum. Abin da mai talla ba zai gaya maka ba shi ne, duk ƙarfin da ya tura harsashi gaba, shi ne kuma yake tura bindiga baya. Bindiga mai nauyi tana shanye wannan shuri, marar nauyi kuwa sai ta juye shi duka a tafin hannunka, bakinta ya ɗaga sama. Su kansu maharban can, waɗanda suke da filin koyo da harsashi akwati-akwati, suna kukan cewa harbi da ita azaba ne, kuma saita harbi na biyu sai gwani. To ina Alhajinmu zai koya? A bayan gari, inda ƙarar harbi ɗaya za ta tara masa jandarmomi? Mutumin da bai taɓa jan kunama ba, cikin duhu, jiki na rawa, yana kan babur, me zai samu in ba ƙafarsa ko ɗan kabu-kabun da ya ɗauko shi ba?

Kuɗinta kuma a can ya haura dalar Amurka dubu, fiye da jika ɗari biyar ke nan na kuɗinmu, kafin a yi zancen hanya. Duk wanda ya ce zai kawo maka ita da araha a bakin iyaka, tambaye shi daga hannun wa ta fito, da abin da aka aikata da ita kafin ta iso gare ka.

Sa'an nan mu dubi wanda za a tara da ita. Ɓarawon zamanin iyayenmu shi kaɗai yake zuwa, da wuƙa, ya haura katanga, tari ma yana korarsa. Na yau ba haka yake zuwa ba. Babura ne goma, ashirin, kowane da mutum biyu ko uku, kowa da bindigar Kalashinkof mai cin harsashi talatin, wadda take samun mutum daga nisan mita ɗari uku. Kai kuma kana da biyar, waɗanda ba su da tabbas in abu ya wuce ƴan taku kaɗan. Mu da muke koyon lissafi, a ɗora wannan a kan allo a gani. In ka harba ka kuskure, ka mutu. In ka harba ka samu ɗaya, ka mutu, kuma gobe su dawo su ƙone unguwar. In kuwa suka tare hanya suka lalube ka suka tarar da ita, ba za su ɗauke ka ɗan kasuwa ba, za su ɗauke ka ɗan sa-kai ko ɗan leƙen asirin soja, ka kuwa san hukuncinsu a kan waɗannan.

Ba zato nake yi ba, an gwada an gani, kuma da makaman da suka fi libarba. A Banibangu, cikin jihar Tillaberi, ran 2 ga Nuwamba 2021, magajin gari da kansa ya jagoranci ƴan sintirin ƙauyuka suka fita neman ƴan ta'adda, aka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 suka rasu har da shi magajin garin. A Mera ta ƙasar Augie, nan kusa da mu a jihar Kebbi, cikin Nuwamban 2024, mutanen gari suka bi sawun shanunsu da Lakurawa suka kora, aka kashe goma sha biyar. Mazaje ne, ba wanda zai ce musu matsorata, Allah ya jiƙansu. A Zamfara kuwa, cikin Yunin 2022, gwamna Bello Matawalle ya yi shela kowa ya nemi izinin riƙe bindiga, aka ce za a raba takardun cikewa a masarautu, kamar yadda gwamna Aminu Masari na Katsina ya riga ya yi irin wannan kira a 2021. Babban hafsan tsaron Nijeriya na lokacin ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Kashe-kashe dai ba su tsaya ba. Kuma duk mai bin labarin Zamfara ya san yadda ramuwar gayya tsakanin ƴan sa-kai da makiyaya ta mai da satar shanu ta zama yaƙi.

Wani zai ce, ai mu Arawa jikokin mayaƙa ne, ko ka manta da Sarauniya a Lugu? Ban manta ba. Amma a 1899 gari ne guda ya tsaya wa rundunar Nasara ƙarƙashin umarnin shugaba guda, kowa ya san matsayinsa, kuma duk da haka da wuta ta yi yawa kurmi suka janye. Ba kowa ne ya ɓoye kibiyarsa a aljihu yana jiran ranar da zai yi yaƙinsa shi kaɗai ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Ɗan fashi wataƙila sau ɗaya za ka gamu da shi a rayuwarka, wataƙila ma ba za ku taɓa gamuwa ba. Amma bindigar tana tare da kai kullum, kwana ɗari uku da sittin da biyar. Tana nan ranar da kuka yi cacar baki da ƙanenka a kan iyakar gonar gado. Tana nan ranar da mai bashi ya ci maka mutunci a tsakiyar kasuwa. Tana nan da kaka, sa'ad da shanu suka faɗa maka gero tun ba ka ɗaure dammuna ba, idonka ya rufe. Mu mutanen Dallol Mauri mun san wannan rigima ta manomi da makiyayi, kusan kowace shekara sai an yi. Da sanda ake yi, a fasa kai, a je likita a ɗinke, a zauna gaban sarki a biya ɓarna, baɗi a gaisa. Sanda tana barin wurin sulhu. Harsashi babba ba ya bari, kuma bayan gawa ɗaya dangi ne za su tashi. Wanda ya tuna abin da ya faru a Toda ta jihar Maradi a 1991, inda fiye da mutum ɗari suka hallaka a kan irin wannan rigima, ba zai so a ƙara mata makami ba.

Kuma a ina za ka ajiye ta? Gidajenmu ba su da akwatin ƙarfe mai makulli. Ƙarƙashin katifa ne, ko cikin rufewa, ko aljihun rigar da ka rataye ka shiga wanka, a gidan da yara goma suke shiga ko'ina. Libarba irin wannan ba ta da wani maɓalli na tsaro da za a fara buɗewa, jan kunama kawai take jira.

Amurkar da ake yi mana misali da ita, a je a tambaye su. A 2021 mutum fiye da dubu 48 bindiga ta kashe a can, kuma fiye da rabinsu su ne suka harbe kansu da hannunsu. Tun a 1993 wani likita mai suna Arthur Kellermann ya bi gidajen da aka yi kisa a cikinsu, ya tarar gidan da ke da bindiga haɗarin a kashe wani a cikinsa ya kusa ninka na gidan da babu sau uku, kuma yawanci mai kisan ɗan gida ne ko wanda aka sani.

Ga doka kuma. A Nijar ba a riƙe bindiga sai da takardar izinin hukuma, wanda aka kama da ita babu takarda kurkuku zai tafi, a wannan zamani ma sai ya yi da gaske kafin ya wanke kansa daga zargin ta'addanci. Ƙasar nan ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai tun 1994, kuma ran 25 ga Satumba 2000 aka tara bindigogi fiye da dubu a Agadas aka cinna musu wuta a gaban jama'a, don an ɗanɗani abin da yawansu ya jawo a arewa. Yanzu mu ne za mu sayar da awakinmu mu sake tara su?

Da na gama yi wa Alhaji wannan bayani, sai ya yi shiru, can ya ce, "To Malam, na ji. In sun tare ni, kai zan kira?"

Ban ji haushi ba, don tambayar tana kan hanya, sai dai ba ni ya kamata ta samu ba. Na miƙa ta ga shugaban gunduma, da magadan garin Tibiri da Dumega da Gesheme da Kore Mairuwa, da sarakunanmu. Ba ya yiwuwa a hana talaka makami, kuma hanin daidai ne, sa'an nan a bar shi shi kaɗai a hanya. Ranakun kasuwa sanannu ne, hanyoyin da ake bi a koma gida sanannu ne, lokacin da ake tare mutane ma sananne ne. A sa sintiri a waɗannan hanyoyi daga la'asar zuwa isha. A ba kowane mai gari lambar waya wadda in an kira za a ɗauka, mu kuma malaman yaƙi da jahilci mun ɗauki alkawarin rubuta ta a allon kowane aji har kowa ya haddace. Wanda kuma ya kawo labarin baƙin fuska a daji, a rufa masa asiri, kada sunansa ya riga shi isa gida, domin wannan ne ya sa mutane da yawa suka gwammace su yi shiru su nemi bindiga.