Ciwon sanyin mata: Ko maganin mace ita kaɗai ya wadatar?

Sakamakon wani bincike da aka wallafa a watan Maris na shekarar 2025 ya fara sauya yadda likitoci ke kallon ɗaya daga cikin cututtukan da mata a Kano ke kira da suna guda, wato ciwon sanyi.

Cutar, wadda likitoci ke kira bacterial vaginosis, tana zuwa da farin ruwa mai ƙarni, kodayake mata da dama ba sa ganin wata alama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana shafar kashi 23 zuwa 29 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa.

Masana a jami'ar Monash ta ƙasar Ostireliya sun bi diddigin mata 164 da abokan zamansu. Inda aka bai wa mace magani ita kaɗai, cutar ta dawo wa kashi 63 cikin 100 a cikin makonni 12. Inda aka haɗa da namijin, ya sha ƙwaya ya kuma shafa magani na kwana 7, adadin ya sauka zuwa kashi 35.

Garkuwar da ke rushewa

Farjin mace mai lafiya cike yake da ƙwayoyin bakteriya masu amfani, dangin Lactobacillus, waɗanda ke samar da wani tsami da ke hana miyagun ƙwayoyi sakat.

Idan suka ragu, sai irin su Gardnerella su mamaye wurin. Waɗannan kan manne a jikin fata su yi wa kansu rufin da magani ba ya ratsawa sosai, sannan su narkar da majinar da ke kare fatar. Daga nan kumburi ya biyo baya, ƙofa ta buɗe ga wasu cututtukan.

Wannan ne ya sa lamarin ya wuce batun wari. Nazarin da aka yi a 2008 ya nuna cewa cutar na ƙara haɗarin kamuwa da ƙwayar HIV da kimanin kashi 60 cikin 100, an kuma danganta ta da haihuwar bakwaini.

A Kano, macen da ta je sashen mata na asibitin Muhammad Abdullahi Wase da ke Nassarawa GRA, ko ɗaya daga cikin asibitocin kuɗi na unguwar, tana iya samun gwajin da zai bambance wannan cuta da sauran masu kama da ita. To amma da yawa a kemis suke tsayawa, a ba su Flagyl ko maganin ƙaiƙayi bisa kintace, alhali kowace cuta da nata maganin.

Akwai kuma kasuwar kayan mata. Matsi da miski ko haɗin gargajiya, da wanke can ciki da sabulu, abubuwa ne da ake yi da sunan tsafta ko gyara, amma suna iya korar ƙwayoyin da ke gadin wurin. Wankin waje da ruwa ya isa.

Batun kishiya

Sai dai binciken na Ostireliya ya taƙaita ne ga namiji mai mace ɗaya. A gidan da ke da mata biyu ko uku, hankali na nuna cewa maganin miji da mace guda ba lallai ya tsinke zaren ba, kuma binciken bai amsa wannan tambaya ba.

Tsinkayar mijin ma wani aiki ne. Ba ya jin ciwon komai, kuma kiransa asibiti na iya zama tamkar zargi, duk da cewa samun cutar ba hujja ce ta cin amanar aure ba: ƙwayoyin kan yi ta kai-komo tsakanin ma'aurata ba tare da wani na uku ba.

A watan Oktoban 2025 ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa haɗawa da namiji a wajen magani idan cutar na yawan dawowa.