Kira ga Hukumomin Ilimi Kan Darasin Turanci a Makarantunmu

Mai girma Ministan Ilimi na Tarayya, masu girma Kwamishinonin Ilimi na jihohin Arewa, da shugabannin hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi: Ni malamin makaranta ne, na daɗe da alli a hannu, kuma halin da darasin Turanci ke ciki a makarantun gwamnati ne ya sa na ɗauki alƙalami. Kun fi kowa sanin cewa yaron da bai samu kiredit a Turanci ba a jarrabawar WAEC ko NECO, ƙofar jami'a a rufe take gare shi, komai ƙwazonsa a lissafi.

Ranku ya daɗe, kukana na farko shi ne hadda ta cinye darasin. Na taɓa shiga wani aji na ƙaramar sakandare, yara suka rera mini ma'anar suna da ta aikatau da murya ɗaya, ba tuntuɓe. Na kira wata yarinya daga bencin gaba, na ce ta gaya mini da Turanci abin da ta yi jiya. Ta sunkuyar da kai, tana murza bakin hijabinta, can ta ce, "Yesterday I go market." Ba laifinta ba ne. Shekara da shekaru tana kwafe dokoki daga allo, ba wanda ya taɓa ba ta dama ta yi magana. Ina roƙon ku ba da umarni a ware darasi biyu a kowane mako a jadawali, domin magana da rubutu kaɗai, masu duba makarantu kuma su tabbatar ana yi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne lokutan aikatau. A Hausa, ƙaramar kalmar da ke gaban aikatau ce ke ɗauke da lokaci: na karanta, zan karanta, nakan karanta. Turanci kuwa aikatau ɗin kansa ke rikiɗa, "go" ya koma "went", ya sake komawa "gone". Haka nan "na ci abinci" guda ɗaya ce a bakinmu, amma Bature ya raba ta biyu, "I ate" da "I have eaten", kowace da muhallinta. Mu komai ko shi ne ko ita, don haka yaro zai kira mota "she" hankalinsa kwance. Waɗannan kurakurai sanannu ne, ba sa canjawa daga Sakkwato har Bauchi, amma malamai da yawa ba wanda ya taɓa nuna musu tushensu, sai dai su ja jan biro su wuce. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa tun 1976, tare da kwalejojin ilimi, suna da ƙwararrun da za su tsara gajeren horo da ke jera nahawun Hausa kusa da na Turanci. Umarninku kawai suke jira.

Sai maganar kalmomi. Ba a tara su daga jerin da aka rubuta a allo, a cikin karatu ake tsintarsu, ga shi akwai makarantun da ko ƙamus ɗaya babu a ofishin hedimasta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya domin ilimin farko, matuƙar jiha ta kawo nata kason. Ina roƙon masu girma Kwamishinoni su tsaya a biya wannan kaso a kan kari, a saya wa kowane aji akwatin ƙananan littattafan labarai da ƙamus na Turanci da Hausa.

Insha'i ma ya kusa mutuwa, domin malamin da ke da ɗalibai fiye da ɗari a aji ba zai iya duba rubutun kowa a mako ba. A ƙara ɗaukar malaman Turanci, a kuma tura su ƙauyuka, kada a tara su duka a birni.

Daga ƙarshe, ranku ya daɗe, har yanzu akwai makarantun da ake cin yara tara ko a zane su don sun yi Hausa. Tsoro ba ya buɗe baki. Yaron da ke gudun bulala shiru zai yi har a tashi. Takardar umarni guda daga ofisoshinku ta isa ta hana wannan, kuma ina roƙon ta isa hannun kowane hedimasta kafin a koma sabon zangon karatu.