Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Hukumar Ruwan Sha ta Jihar Kebbi: A Tsara Lokacin Kunna Injinan Ruwa a Warra da Kewaye



Shawarata ta shafi Warra da sauran garuruwan Ngaski, Yauri da Shanga, kuma ina fatan shugabannin waɗannan ƙananan hukumomi za su ji ta tare da ku. Kowace tashar ruwa, ko da rijiyar burtsatse ɗaya ce da tanki, a rubuta mata jadawalin kunna inji, a ɗora shi a kan farashin wuta. Kada a jira sai layin jarkoki ya yi tsawo sannan a tayar da janareta.

Tun 1968 da aka kammala madatsar Kainji, mai ƙarfin megawat 760, mutanen bakin tafkin nan suka sadaukar da gonaki da tsofaffin garuruwa domin Nijeriya ta samu haske. Bai kamata tsadar wuta ta zama abin da ke hana su ruwan famfo ba.

Za a ce ai kuɗin wuta a ƙasar nan ba ya sauyawa da sa'a. Gaskiya ne, ba mu da irin tsarin Eskom na Afirka ta Kudu, inda manomi mai tsarin farashin Ruraflex ke biyan kaɗan da tsakar dare, ya biya da yawa da safe da almuru. Namu rukuni-rukuni ne: A na sa'o'i 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E 4. A Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta NERC ta kai yunit ɗin rukunin A zuwa naira 225, daga baya aka ɗan sassauto, sauran rukunan kuma aka bar su. Amma mai kula da inji ya san farashi uku yake sayen wuta a yini guda. Akwai ta Kaduna Electric idan an kawo. Akwai ta sola, daga hantsi zuwa la'asar, wadda ba ta cin ko sisi bayan an kafa ta. Sai ta janareta: litar gas ɗaya yunit uku take bayarwa ko sama kaɗan, lita kuwa ta haura naira 1,000, wato yunit ya wuce naira 300. Ɗaga lita 100,000 zuwa tanki mai tsawon mita 30 yana cin yunit 15 ko kusa da haka. Ruwan bai canza ba, tankin ma haka, amma kuɗin yana iya ninkawa sau da dama saboda lokacin da aka kunna.

Tanki rumbu ne: a zuba lokacin araha, a ɗiba lokacin buƙata. Jama'a sun fi ɗibar ruwa bayan asuba da kuma yamma, daidai lokacin da sola ba ta aiki, wutar layi kuma takan yi rauni har ta ƙona inji. Saboda haka a cika tanki da rana domin yamma, a sake cika shi cikin dare domin safe, duk sa'ar da aka kawo wuta. Wannan yana nufin mai aikin dare, ko na'urar da ke kunna inji da kanta ta kashe shi idan tanki ya cika. Na fi nanata wannan na'ura, domin ruwan da ke ambaliya daga saman tanki an riga an biya kuɗin ɗaga shi. Janareta ya zama na larura, kuma kafin a tayar da shi a duba tanki tukuna.

Tafkin ma yana da nasa jadawalin. Farin ruwa yakan zo wajen Agusta zuwa Oktoba, baƙin ruwa daga tsaunukan Gini ya biyo baya da sanyin hunturu, sannan ruwa ya yi ta ja har zuwa damina, ya sauka mitoci da dama. Injin da ke jan ruwa daga tafki a watan Mayu ya fi na Janairu wahala, ya fi cin wuta, ya fi jinkirin cika tanki. Jadawali ɗaya ba zai yi shekara ba. A sake shi aƙalla sau biyu. Masu noman rani na albasa da shinkafa, waɗanda cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya taɓa, su ma za su amfana idan malaman gona suka kai musu wannan lissafi.

Aikin farko ba ya buƙatar kwangila. A sa wa kowane inji mitarsa, a ba mai kula da shi littafi ya riƙa rubuta lokacin kunnawa da kashewa, wace wuta aka yi amfani da ita, da matakin ruwa a tanki. A karɓi rukunin kowane layi a rubuce daga Kaduna Electric, a gwada shi da abin da littafin ya nuna. Bayan wata uku za ku ga tashar da tankinta ya yi ƙanƙanta da wadda sola za ta raba da gas. Da wannan littafi za ku tunkari hukumar N-HYPPADEC, wadda aka kafa domin yankunan madatsun ruwa irin namu, ku nemi ƙarin tanki kafin ƙarin janareta. Ina roƙon a fara da Warra kafin ruwa ya ja a bazarar da ke tafe.